Reshe na Biyar

Bayan tashar Dakoro, a saman shagon mai faci,
akwai ɗakin da bai kai rumbu faɗi ba.
Nan na ajiye uwar garke, baƙin akwatin ƙarfe.
Fanka ɗaya gare mu, ita ake hura wa,
ni in yi gumi a gefe.

Ni na dasa itacen da ke cikinta.
Gindi guda, rassa huɗu:
latsa ɗaya, kuɗin tiyar gero,
biyu, aya da wake,
uku, inda hadari ya kwana,
huɗu, akuyar da ta ƙi kiwo.
Manhaja na tsaye bakin ƙofa kamar yaron dillali,
ta amshi kira, ta saurari yatsa, ta nuna hanya.

Sai dai itace ba shi da baki.
Muka ɗauko Cima mai ƙuli-ƙuli daga Mokoyo,
wadda tallarta ke tsallake katanga uku.
Na rufe taga da bargo, na miƙa mata makirfo.
Ta ƙirga mini lambobi ɗai-ɗai har la'asar,
ta ce dala, ta ce jaka,
ɗan ƙaramin "da" mai haɗa su
sai da ta faɗe shi sau goma sha ɗaya.
Na yanka muryar gutsi-gutsi, na jera,
kowace safiya na'ura ta ɗinke.

Bara da kaka zazzaɓi ya yi kwana huɗu da ita.
Aka kai ta da hantsi.
Da azahar tana gaya wa wani a Tibiri kuɗin wake.

Har yau tana faɗin farashin da idonta bai gani ba,
tsadar da in da tana nan, da ta tafa hannu ta yi salati.
Yanzu a sanyaye take faɗa,
"da" ɗin nan na zaune daram a tsakiya.

A rajistar kira akwai lamba guda daga Jiratawa.
Kullum bayan isha'i. Ba ya latsa komai.
Dokar da na rubuta da hannuna ta ce:
a maimaita sau uku, in shiru ne, a katse.
Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.
Na san mai lambar.
Nomau ne, wanta, mai lambun zogale,
da iyakar gonar gado ta raba su shekara shida,
ko gaisuwar salla.

Malam Kalla ya ce a canja murya,
wai mamaci ba ya ciniki.
Na ce to. To ɗin da ba ta da rana.

Daren Talata na buɗe tarkacen da na zubar:
tarinta, kukan zakaran maƙwabta,
"Yaro, bari in jiƙa maƙoshi,"
da wani wuri da na yi kuskure, ta yi dariya ta ce,
"Ba komai. Mu sake daga farko."

Na ɗaura shi a reshe na biyar,
wanda ba shi da lamba, ba ya cikin sanarwa.
Shiru kaɗai ke kai mutum can.

Ban ji abin da ya faru a Jiratawa ba.
Na'ura ba ta riƙe hawaye, lokaci take rubutawa.
Da safe na duba: minti goma sha tara.
Ya zagaya itacen har sau tara, bai taɓa ko ganye ba.
Can ƙarshe ya latsa biyu.

Aya, in ji ta, dala ɗari da saba'in.

Wuta ta ɗauke, batir ya fara ƙara.
Na cire cajin wayata, na bar mata.